Haɗin da Na Yanke Ranar Laraba

Masu cika min akwatin saƙo da "Abigail ki sassauta, samun namiji irin Kevin sai an tona," na gode, na karanta duka, har da na baiwar Allahn da ta ce aljanu ne a kaina. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Laraba. In kun gama ji kuna da sauran shawara, ku turo.

Saboda waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Abigail, shekarata ashirin da shida, a unguwar Romi muke zaune ni da Mamana tun rasuwar Babana. Aikina rubuta manhaja. Mu huɗu ne a wani ɗan ofis a Barnawa, shugabarmu Hajiya Khadija, kuma abin da muka gina manhaja ce mai tuna wa mata masu ciki ranar awo. Mace za ta ba da lambarta a asibiti, saƙo ya riƙa zuwa mata da Hausa har ta sauka. Asibitoci uku ne suka ba mu amanar lambobin matansu.

Kevin kuwa shi ne mutumin da iyayensa za su kawo gaisuwa gidanmu ranar Asabar. Anti Rebecca, ƙanwar Mama, ita ta haɗa mu, a zumuntar mata ta cocinmu aka ƙulla abin. Har ta kai matan zumunta sun daina kiran sunana, in sun gan ni sai dai, "Amarya, ya haɗin namu?" Kada wani ya ce dole aka yi min. Ina son Kevin. Na fara sonsa ranar da ruwa ya tare mu a Sabon Tasha, ya cire rigarsa ta sama ya naɗe jakar kwamfutata da ita, ni kuwa ya bar ni na jiƙe. A lokacin cewa na yi ga mutumin da ya san darajar aikina.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikin, ku yi haƙuri. Manhajarmu ba ta iya komai ita kaɗai. Akwai kamfanin da ke tura mana saƙonnin, akwai wanda ke ajiye mana bayanai, akwai mai nuna taswirar asibiti. Kowannensu sai an jona shi da dandalin da muke aiki a kai, a yanka masa mukulli, a faɗa masa iyakar abin da zai taɓa. Hajiya ba ta son Turanci a inda Hausa za ta iya, don haka a ofishinmu kowane irin wannan jonin sunansa haɗi. Haɗin saƙo, haɗin ajiya, haɗin taswira. Ni ce mai kula da su, kuma a baƙin allo nake yi, inda babu hoto babu abin dannawa, sai ka rubuta umarni layi ɗaya na'ura ta ba ka amsa. Mama ta tsani allon nan, wai kamar na masu duba.

Ranar Laraba a gida nake aiki. Falonmu ba wurin sa ƙafa: kuloli sababbi a jere, buhun shinkafa a bayan kujera, katan-katan na lemo, ga atamfar anko ruwan goro an tsibe ta a kan tebur. Ni ina ɗakina da tsohuwar farar rigar bautar ƙasa da zani, rabin kaina an yi kitso rabi yana jiran mai kitso ta dawo. Ƙarfe tara da 'yan mintuna Hajiya ta kira. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Abigail, kina gaban kwamfuta?"

"Ina kai, Hajiya. Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Wata mata a Mahuta, cikinta wata bakwai, ta rasa shi sati biyu da suka wuce. Asibiti sun cire ta daga masu awo, mu ma mun daina tura mata saƙo. Jiya sai ga saƙon talla ya shigo wayarta, da sunanta, da watan da ya kamata ta haihu, wai ta zo ta sayi kayan jarirai an yi rangwame. Mijin ya je asibiti ya ɗaga musu hankali. Kuma ba ita kaɗai ta samu ba. Daga wurinmu lambobin nan suka fita. Duba min haɗe-haɗenki yanzu."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Hajiya, uku ne, kuma na san su kamar yatsuna." Ta ce in duba dai, ta kashe.

Na rubuta umarnin da ke jero duk haɗin da ke kan aikinmu. Layi huɗu suka fito. Na goge idona na sake bugawa, huɗun dai. Na huɗun an sa masa suna "ajiya-biyu", suna mai ladabi, irin wanda ido zai wuce bai tsaya ba. Na buga umarnin da ke buɗe cikinsa. An ba shi izinin karanta suna, lambar waya da watan haihuwa, kuma kullum ƙarfe shida na safe yana kwashe su ya fita da su. Wanda ya ƙirƙira: abigail. Rana: Lahadin makon jiya, ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu na rana. Sai na kai ga layin ƙarshe, adireshin da ake kai kayan, na ga sunan kamfanin tallan Kevin ɓaro-ɓaro.

Jama'a, ban yi kuka ba. Na so in yi, abin ne ya ƙi zuwa. Zama na yi ina tuna Lahadin nan. Mun dawo daga coci tare, Mama ta kira ni kicin in taya ta faten acha saboda surukinta ya zo, shi kuma ya ce, "Bebi, ara min kwamfutarki in duba ƙwallon jiya." Na miƙa masa ina murmushi, baƙin allona a buɗe, mukullina a ciki. Kevin ilimin kwamfuta ya karanta kafin ya koma harkar talla, minti biyar sun ishe shi. Ina can ina yanka yakuwa ina jin daɗi wai ina dafa wa mijina, shi yana falo yana yanka wa kansa mukulli da sunana. Ya ci kwano biyu a ranar, har da santi.

Amma kaina bai kwance ba. Na fara kwafe rajistar da ke nuna wa ya yi me a dandalin gaba ɗaya na adana, don kada gobe a ce mafarki na yi. Sannan na rubuta umarnin yankewa. Na'ura ta ce in na tabbata, in rubuta sunan haɗin da hannuna. Na rubuta shi harafi-harafi, na danna. Na bi sauran ukun na sauya musu mukullai, na kashe nawa na yanki sabo, na sake jero su. Layi uku. Sai na kira Hajiya.

"Hajiya, na gano. Haɗin Kevin ne. Na yanke shi, kuma ko wa zai zo ya roƙe ni ba zan mayar ba."

Ƙarar faranti na ji a bayana. Mama ce tsaye a bakin ƙofa, koko ya malale a ƙasa, ƙosai yana gangarawa ƙarƙashin gado.

"Yesu! Abigail, me kika yanke?"

"Mama, tsaya, ina waya, ba abin da kike..."

Ina! Ta riga ta juya tana salati irin nata, tana laluben wayarta a ƙugu. Na so in bi ta, amma Hajiya na magana a kunnena.

"Wane Kevin? Naki?"

"Nawa."

Sai ta ce, "Saurare ni da kyau. Maganar baki ba ta isa ba, rajista sunanki ta nuna. Asibiti suna so a rubuce kafin ƙarfe biyar, wa ya yi. In kin rubuta sunanki ke kaɗai, aikinki ya tafi, kuma babu mai sake ba ki amanar bayanan mutane a garin nan. In kin rubuta nasa, ki sani lauyan asibiti zai neme shi yau ɗin nan. Ba zan zaɓa miki ba. Ki turo min ta waya in kin yanke shawara."

Ko minti ashirin ba a yi ba saƙon Kevin ya shigo. Ashe yana sa ido a kan kayansa.

"Bebi, wani abu ya tsaya a wajena. Ke kika taɓa?"

Ku duba fa, ko kunyar tambaya bai ji ba. Na rubuta, "Ni ce. Da izinin wa ka shiga aikina?"

"Haba, kwantar da hankalinki. Lambobin waya ne kawai. Talla ce, ba sata ba. Kuma don gidanmu nake yi, ni da ke."

Na tura masa labarin matar Mahuta. Ya ɗan jima yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Na ce a raina, Allah ka sa haƙuri zai bayar, ka sa ya ce mu je mu same ta. Da ya faɗi haka, Allah na gani da labarin yau ya bambanta.

"Ayya, sori. Zan cire lambarta. Ke ki ce wa madam ɗinki kuskure ne kina gwaji, za ta yafe miki. Ko sun sallame ki ma, dama bayan biki ba sai kin yi aiki ba. Abeg ki mayar min zuwa Juma'a, na yi wa mutane alkawari."

Na karanta saƙon nan sau uku. A nan ne raina ya ɓaci na gaske, irin ɓacin da ke sa mutum ya natsu. Shekara huɗu ina koyon aikin nan, da wayar aro na fara, a shagon caji nake zama in babu wuta. Shi a wurinsa duk wannan abin wasa ne da zan ajiye in an ɗaura aure. Na kife wayar.

Kafin azahar labari ya gama Romi. Tela ta kira tana tambaya ta ci gaba da ɗinkin ko ta dakata. Mai kitso ta turo saƙo wai ta ji abin da ya faru, Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma ta zo ta ƙarasa kan ko a bari? A zauren matan zumunta na waya an buɗe addu'a ta musamman a kan ruhun da ke raba aure. Sau biyu ina fita falo in yi wa Mama bayani, sau biyu tana ɗaga min hannu. "Kada ki ce min komai. Da kunnena na ji. Ki bari manya su zo."

In faɗa muku gaskiya? A karo na biyun ban nace ba. Na tsaya ina kallonta tana share hawaye da bakin zani, sai na ji a raina cewa wataƙila kunnen Mama ya riga bakina faɗin gaskiya.

Anti Rebecca ce ta fara isowa daga Gonin Gora, ko ɗankwalinta ba ta ɗaura daidai ba, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na mijinta. Ƙarfe huɗu Kawu Ɗanjuma ya zo, wan Babana, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, mutumin da ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Aka ture kuloli aka ba shi kujerar Baba. Ni na sa doguwar riga baƙa, na rufe rabin kitsona da hula, na zauna a kan buhun shinkafa da wayata a hannu.

Anti ce ta buɗe taro. "Ni kika tashi kunyatawa ko? Ni na shiga na fita, na je gidansu yaron nan sau nawa, na ce musu 'yarmu ba ta da matsala. Saura kwana uku! Wane irin shaiɗan ne ya shiga kwamfutar nan ya fito ta bakinki?"

Ban kai ga amsawa ba muka ji tsayuwar mota. Kevin ya shigo cikin farin yadi mai guga, ƙamshin turarensa ya riga shi, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Kawu. Ku ba shi abinsa, Kevin ya iya shiga gaban manya. Aka faɗa masa abin da Mama ta ji. Ya dube ni, ya dubi Mama, sai ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

"Mama, wayyo, kuskuren ji ne! A ofishinsu in an jona kwamfuta da kwamfuta, haɗi suke cewa. Wani ɗan abu ne na jona mata, ya ba su matsala, ta cire. Maganar aiki ce, ba maganar aurenmu ba."

Falon ya ɗauki shewa. Anti ta miƙe tana rawa tana "Haleluya", takalmanta mabambanta suna tafi. Mama ta dafe ƙirji tana dariya da hawaye tare, tana cewa, "Kai, ni da kunnen nan nawa! Allon nan zai kashe ni wata rana." Har Kawu sai da ya murmusa. Cikin hayaniyar wayata ta yi motsi. Kevin ne, yana durƙushe a gaban Kawuna, ya turo da hannu ɗaya: "Ki ce e kawai. Mu gama da wannan."

Kawu ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Abigail, haka ne? Na kwamfuta kika yanke?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da zaman lafiya. In na ce e, Mama za ta yi barci, tela za ta ci gaba da ɗinki, Asabar in sha kwalliya. Na kalli agogon bango, biyar saura kwata.

"Na kwamfuta na yanke, Kawu. Amma ku tambaye shi mene ne ɗan abin da ya jona."

Dariyar Kevin ta tsaya a rabi. "Bebi, ba nan ne wurin..."

"Nan ne wurin. A falon nan ka yi, a kan kujerar can."

Na faɗa musu komai, da Hausar da Kawu zai gane. Na ce mata sun ba asibiti lambobinsu a kan amana, asibiti ya ba mu, ni aka damƙa wa mukulli, shi kuma ya jira na shiga kicin ya buɗe ƙofa da sunana yana kwasa yana musu talla. Sannan na buɗe saƙon da Hajiya ta turo min, wanda ya shiga wayar matar Mahuta, na karanta musu da ƙarfi: "Barka da jiran baƙo, Maman bebi! Wata mai zuwa ne fa, kin gama sayayya?" Na ce matar da ta karanta wannan, sati biyu ke nan da binne ɗanta.

Mama ta daina dariya tuntuni. A hankali ta ce, "Wata nawa cikin?"

"Bakwai, Mama."

Ta sunkuyar da kai.

Anti Rebecca ce ta farfaɗo. "To, ya yi kuskure, wa ba ya yi? Mijinki ne, ki rufa masa asiri. Aiki ai ana samun wani. Ke mace ce, ki ce ke kika yi, a wuce wurin."

"Anti, ni ban ga laifin da ake ɗauka don an zama mace ba. Sakacina na sani, na bar allona a buɗe, kuma zan amsa shi. Nasa kuwa shi zai amsa."

Kawu ya juya ga Kevin. "Ɗana, abin da ta faɗa gaskiya ne?"

Kevin ya miƙe daga durƙuson, ya karkaɗe gwiwar wandonsa. Muryar da ya yi magana da ita ban taɓa jin ta ba. "Baba, rajista sunanta ta nuna, ba nawa ba. In ta kai maganar nan waje, ita za ta fara kwana a hannun 'yan sanda. Ni ina ba ta shawara ne a matsayin wanda zai aure ta."

Na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin da na zaɓi launin labulen ɗakinmu da shi ne yake min barazana a gaban Kawuna. Amma ya taimake ni, don sauran tausayin da nake ji ya tafi.

"Ka manta rajista tana nuna inda kayan suke zuwa," na ce. "Ka iya ɓoye hannunka, ba ka ɓoye adireshinka ba."

Biyar saura minti shida. Na buɗe saƙon Hajiya na fara rubutu a gabansu. Anti ta kama hannuna tana, "Abigail, don girman Allah, Asabar fa!" Na zare hannuna a hankali. Na kalli Mama, don ita kaɗai ce za ta iya tsayar da ni, kuma na san in ta ce in bari zan sha wuya kafin in ƙi. Ta ɗago ta dube ni, idanunta jajur. Ba ta ce in tura ba, ba ta ce in bari ba.

Layi biyu na rubuta. Na farko: Abigail, wadda ta bar mukullinta a buɗe. Na biyu: Kevin, wanda ya shiga da shi, da lambar wayarsa da sunan kamfaninsa. Na haɗa da rajistar da na kwafe da safe, na tura.

"Me kika yi?" in ji Kevin.

"Aikina."

Kawu ya jingina da kujera ya rufe ido. Anti ta zauna daɓas a kan katan ɗin lemo ta ɗora hannu a ka. Ba a fi minti huɗu ba wayar Kevin ta fara ruri a aljihun farin yadinsa. Ya ciro, ya ga baƙuwar lamba, ya dube ni. Wayar ta katse, ta sake kamawa.

"Ɗauka mana," na ce. "Tun safe nake amsa kira a kan aikinka, wannan naka ne."